Buzuzun Fir'auna: Me Sunan Sarki a Kan Laya Yake Tabbatarwa?

Duk wanda ya tashi a karkara ya san buzuzu, ƙwaron nan da wasu ke kira gungura-kashi, wanda yake dunƙula kashin shanu, ya kafa kai ƙasa, ya ɗora ƙafafunsa na baya a kan dunƙulen yana tura shi da baya-da-baya har ya sami wuri mai laushi ya binne. A wurinmu ƙwaro ne da ba a ba shi wata daraja. Amma wanda ya shiga sashen tsohuwar Masar a manyan gidajen adana kayan tarihi, ko a Alƙahira ko Landan ko Faris ko Barlin ko Niyok, zai tarar da siffarsa jere cikin akwatunan gilashi, ɗaruruwa a fili, dubbai kuma a ɗakunan ajiya inda ido ba ya kaiwa. Yawancinsu ba su wuce girman farcen babban yatsa ba. An sassaƙa bayansu da kai da fukafukai da ƙafafu irin na ƙwaron, an daidaita cikinsu ya zama shafaffe aka yi rubutu ko zane a kai, sannan aka huda su daga kai zuwa gindi domin a zura zare ko a ɗaura a zobe. Turawa suna kiransu sikarab. Waɗanda suka fi jan hankalin masu kallo, suka kuma fi tsada a hannun dillalai, su ne masu ɗauke da sunan sarki, kuma a kansu ne aka fi yin kuskuren fahimta.

Mai kallo yakan karanta 'yar takardar da aka liƙa a gefen akwatin, ya ga an rubuta sunan Tutmos na Uku da shekarun mulkinsa, sai ya ɗauka cewa a zamanin wannan sarki aka yi layar, daga fadarsa ta fito, wataƙila ma hannunsa ya taɓa ta. Sau da yawa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba haka yake ba. Sunan da ke jikin dutsen yana faɗin wani abu, amma abin da yake faɗa ya fi ƙanƙanta a kan yadda ake zato, kuma sauran bayanin yana wurin ƙasar da aka tono layar daga cikinta, idan har an sami wanda ya tsaya ya rubuta inda ya same ta.

Sai an fara da dalilin da ya sa Misirawan dauri suka ɗaukaka wannan ƙwaro. Sun dubi yadda yake gungura dunƙulensa a kan ƙasa, suka kwatanta shi da yadda rana take tafiya daga gabas zuwa yamma, suka kuma lura cewa 'ya'yansa suna ɓullowa daga cikin ƙasa ba tare da an ga uwa ko ƙwai ba, sai suka ɗauka halitta ce mai samar da kanta. A gaskiya macen ce take gina wani dunƙule a cikin rami ta saka ƙwai a ciki, tsutsar ta ci ta girma ta fito, amma wannan yana faruwa ne a ɓoye. A harshensu sunan ƙwaron ya yi daidai da kalmar kefer, wadda take nufin kasancewa ko samuwa ko sauya kama, don haka hotonsa ya zama harafin rubuta wannan kalma, ya kuma zama siffar Kefri, abin bautarsu na rana mai fitowa da sassafe. Wanda ya rataya buzuzu a wuyansa yana rataye ne da fatan sabuwar rayuwa, a duniya da kuma bayan mutuwa, bisa ga abin da suka yi imani da shi.

An fara yin waɗannan layu wajen shekara ta 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ci gaba da yin su kusan shekara dubu biyu. Mafi yawansu da wani dutse mai laushi kamar sabulu aka yi su, wanda wuƙa take iya fiƙewa, sannan a shafe shi da ruwan ƙyalli mai haɗin tagulla a gasa shi a wuta, ya fito shuɗi ko kore, ya kuma yi tauri. Farare da masu ruwan ƙasa da ake gani a yau galibi launinsu ne ya koɗe saboda daɗewa a binne. Tun da wuri aka haɗa musu aiki biyu, na laya da na hatimi. Ma'aikaci yakan ɗaure bakin buhu ko akwati ko ƙyauren rumbu da igiya, ya manna ɗanyen yumɓu a kan ƙullin, ya danna cikin buzuzunsa a kai, ta yadda ba mai buɗewa sai ya fasa alamar. A sansanin Uronarti da ke wani tsibiri na kogin Nilu a cikin ƙasar Sudan ta yau, an tono dubban irin waɗannan fasassun yumɓu, kowanne da tambarin wanda ya rufe kayan.

Sunayen sarakuna sun fara bayyana a jikinsu a zamanin gidan sarauta na 12, wato ƙarni na 19 kafin miladiyya. Ana zana sunan a cikin wani zobe mai tsawo da ke kama da igiyar da aka kewaya aka ƙulle, alamar cewa sarki ya mallaki duk abin da rana take kewayawa. Wasu daga cikinsu hatiman hukuma ne, wasu kyauta ce daga fada ga bayin sarki, amma mafi yawa talakawa ne suke saye su rataya, domin a wurinsu sunan sarki kansa kariya ne. Shi ya sa ake samun buzuzu mai sunan Kufu, wanda ya gina babbar dalar Giza, ko na Unas, alhali waɗannan sarakuna sun mutu ɗaruruwan shekaru kafin a sassaƙa buzuzu na farko. Mutanen baya ne suka yi su don neman albarkar magabata.

Babu sunan da ya nuna girman wannan matsala kamar na Tutmos na Uku, wanda ya yi mulki daga wajen 1479 zuwa 1425 kafin miladiyya, ya ci yaƙin Magiddo, ya kai rundunar Masar har bakin kogin Furat. Sunansa na sarauta Men-kefer-Ra, kuma haruffa uku kacal ake rubuta shi da su: faifan rana, da allon wasa mai kama da na dara, da shi buzuzun kansa. Suna ne mai sauƙin sassaƙawa, mai kyan gani a ɗan ƙaramin fili, ga shi na jarumin da ba a manta da shi ba. Masu sana'a suka yi ta buga shi a bayan ransa, ƙarni bayan ƙarni, har kusan shekara dubu, a Masar da Kan'ana da garuruwan Finiƙiyawa na bakin teku. Akwai ma masanan da suke ganin daga baya an daina karanta haruffan a matsayin sunan sarki, an mai da su ɓoyayyiyar hanyar rubuta sunan Amun, babban abin bautar Tibis, tsohon birnin da ke inda Luksor take a yau, ko da yake ba kowa ya yarda da wannan fassara ba. Ko ma wanne ne, sakamakon ɗaya ne: cikin dubban layu masu wannan suna da ke gidajen tarihi, kaɗan ne za a iya rantsewa cewa a zamaninsa aka yi su.

Tsofaffinmu sun san wani abu mai kama da wannan. Liyarin azurfa da mata suke ratayawa, wanda fatake suka yi ciniki da shi daga Borno har Habasha da Yaman, yana ɗauke da hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da shekarar 1780, shekarar da ta rasu. An ci gaba da buga shi da wannan hoto da wannan shekara fiye da ƙarni guda a bayanta, a garuruwa daban-daban, saboda shi kasuwa ta amince da shi. Wanda ya tsinci liyari a kufai ya ce an zauna a wurin a 1780 ya yi gaggawa. Iyakar abin da zai iya cewa shi ne kuɗin bai faɗi a nan ba kafin 1780.

Wannan ita ce ƙa'idar da masu tonon kayan tarihi suke aiki da ita a kan buzuzun sarauta. Idan an same shi a cikin kabarin da ba a taɓa buɗewa ba, to kabarin bai girmi sarkin ba, amma yana iya zama ƙanensa da shekara goma ko ɗari biyar. Abin mamaki shi ne sarkin da bai yi suna ba ya fi shahararren sarki amfani a wannan aiki. Bakenranef ya yi mulki na 'yan shekaru kaɗan a garin Sayis wajen 720 kafin miladiyya, Kushawa, mutanen daular Kush ta ƙasar Sudan, suka kawar da shi, ba wanda ya damu da sake buga sunansa. Da aka sami buzuzunsa a wani kabari a Fitekusai, tsohon mazaunin Girkawa a tsibirin Iskiya kusa da Nafoli a Italiya, sai ya zama ɗaya daga cikin turakun da aka ɗaure lissafin shekarun tukwanen Girka na wancan zamani a jikinsu. Haka kuma buzuzun zinariya mai sunan sarauniyar Masar Nefertiti da aka tsamo daga jirgin ruwan da ya nutse a Uluburun, a gaɓar kudancin Turkiyya, wanda aka yi aikin haƙo kayansa daga 1984 zuwa 1994. Jirgin yana ɗauke da tan 10 na tagulla da tan 1 na kuza, kuma an tarar da buzuzun a goge saboda amfani, a kusa da gutsattsarin zinariyar da ake tarawa don narkarwa. Daga nan ne masu binciken suka fahimci cewa jirgin ya nutse bayan darajar sunan sarauniyar ta faɗi, lokacin da layarta ta koma nauyin zinariya kawai. Da a kasuwa aka sayo shi, da wannan labari duk ya ɓace.

Mafi kyawun misalin abin da tono na ƙa'ida yake bayarwa yana Dairul Bahari, a yammacin Luksor. A kakar aiki ta 1926 zuwa 1927, tawagar gidan tarihin Metropolitan na Niyok ƙarƙashin Herbert Winlock ta buɗe ramukan da aka binne kayan sa albarka a harsashin haikalin sarauniya Hatshefsut, ta tarar da buzuzu da ƙananan hatimai kusan 300, masu sunanta da na Tutmos na Uku da na 'yarta Neferure. Tun ranar da aka rufe ramukan ba a sake taɓa su ba, shuɗin jikinsu yana nan da ƙyallinsa. Da yake an san lokacin da suka shiga ƙasa daidai gwargwado, sai suka zama ma'auni: yadda aka yanka kai, yadda aka raba fukafukai da layi, yadda aka fitar da ƙafafu a gefe, duk ana gwada sauran da su. Wannan ne ya sa masanin gaskiya idan an miƙa masa buzuzu ba ya tsayawa kan rubutun ciki, sai ya juya shi ya dubi baya da gefe, domin yayin sassaƙa yana sauyawa da zamani ko da suna bai sauya ba. An raba wannan tarin tsakanin Alƙahira da Niyok bisa dokar rabon da ake bi a lokacin.

Akwai rukuni guda da ba a shakkar zamaninsa ko asalinsa daga fada, kuma shi ne ya fi cancanta a daɗe a kansa. Amenhotef na Uku, wanda ya hau gado wajen 1390 kafin miladiyya ya yi shekara 38 yana mulki, ya sa an yi manyan buzuzu, wasu tsawonsu ya kai santimita 11, aka cika cikinsu da layukan rubutu masu ba da labari. Fiye da 200 sun tsira, kuma labari biyar ne suke maimaitawa. Mafi yawansu, sama da ɗari, suna cewa sarki ya kashe zakuna 102 da kibiyarsa daga shekarar mulkinsa ta farko zuwa ta goma. Wasu 'yan kaɗan suna ba da labarin farautar shanun daji a shekara ta 2, kuma a nan rubutun ya yi dalla-dalla: an kawo wa sarki labarin an ga garke, ya yi tafiyar dare a jirgi, ya sa aka kewaye dabbobin da shinge da rami, su 170 ne, ya kashe 56 a rana ta farko, ya huta kwana huɗu don dawakinsa su farfaɗo, ya koma ya kashe 40, jimla 96. Mai karatu zai lura cewa dabbobin a killace suke. Ba jarumtar daji ake nunawa ba, ana nuna cewa sarki shi ne mai murƙushe hargitsi ya tabbatar da tsari, wanda shi ne aikinsa na farko a aƙidarsu.

Rukuni na uku Turawa suka laƙaba masa sunan buzuzun aure, kuma da wannan suna yake a takardun gidajen tarihi da yawa, alhali babu kalmar aure a cikinsa, babu ma kwanan wata. Abin da ya ƙunsa shi ne sunayen sarki, da sunan uwargidansa Tiye, da cewa sunan mahaifinta Yuya, sunan mahaifiyarta Tuyu, ita ce matar sarki mai ƙarfi wanda iyakarsa ta kudu take Karoy, can cikin Sudan, ta arewa kuma take Naharin, wato ƙasar Mitanni a arewacin Sham. Iyayen Tiye ba 'yan gidan sarauta ba ne, manyan mutane ne daga Akmim, kuma an gano kabarinsu a Kwarin Sarakuna a 1905. Ambaton su a sanarwar fada ba tare da wani muƙami ba abu ne da ba a saba gani ba, kuma a ganina shi ne ainihin saƙon: wannan mace ita ce sarauniya, kowa ya sani, ko daga wane gida ta fito. Na huɗu ya ƙarfafa wannan. Yana sanar da isowar Gilukefa, 'yar Shuttarna sarkin Mitanni, a shekara ta 10 tare da mata 317 masu yi mata hidima, amma kafin a ambaci amaryar sai da aka sake jera sunan Tiye da na iyayenta.

Na biyar yana cewa a shekara ta 11 sarki ya ba da umarni a yi wa Tiye tafki a garinta Jaruka, tsawonsa kamu 3,700, faɗinsa kamu 700, aka fara a ranar 1 ga wata na uku na lokacin ambaliya, aka yi bikin buɗewa a ranar 16, sarki ya shiga jirginsa mai suna Aten Yana Haskawa. Da kamun Masar na santimita 52, wannan ya kusa kilomita biyu a tsawo. An daɗe ana ba da labarin a matsayin tafkin shaƙatawa da miji ya haƙa wa matarsa cikin kwana goma sha biyar, har masanin Faransa Jean Yoyotte ya kawo fassarar da ta fi shiga hankali, cewa fadama ce da aka yi wa ganuwa, aka fasa madatsa ruwan Nilu ya cika ta, domin ta zama gonar da amfaninta zai riƙa shiga taskar sarauniya.

An tsinci waɗannan manyan buzuzu daga Soleb a Sudan har Ugarit a gaɓar Siriya, da Lakish da Yafa a Falasɗinu, da tsibirin Kubrus. Wannan yaɗuwa ita ce hujjar da ta sa ake ɗaukarsu a matsayin sanarwar da fada ta raba wa hakimai da sarakunan da ke ƙarƙashinta. Sai dai waɗanda aka san inda aka tono su 'yan tsiraru ne. Mafi yawa daga hannun dillalai suka shiga gidajen tarihi, don haka taswirar rabon, wadda da ta nuna mana su wa fada take so su ji wannan saƙo, ta zo mana a yage.

Inda asarar ta fi ciwo shi ne zamanin da ake kira na Hiksos, tsakanin wajen 1650 da 1550 kafin miladiyya, lokacin da sarakuna 'yan asalin Kan'ana suka mulki arewacin Masar daga birnin Awaris. Misirawan da suka kore su ba su bar musu gine-gine ko jerin sunaye cikakke ba, kuma akwai sarakunan wannan zamani da ba a san su ta kowace hanya ba sai ta buzuzu. Sheshi yana da hatimai kusan 400, fiye da kowane sarki na lokacin, an same su daga Karma a Sudan har Kan'ana, amma har yau masana suna jayayya a kan gidan sarautar da ya fito da kuma ko a farkon zamanin yake ko a tsakiyarsa, saboda mafi yawan hatiman ba su da asalin wuri. A gwada wannan da abin da ya faru a Edfu wajen 2010 da 2011, inda tawagar da Nadine Moeller ta jagoranta ta tono tambarin yumɓu fiye da 40 na sarkin Hiksos Kayan a shimfiɗar ƙasa ɗaya da tambura 9 na Sobekhotef na Huɗu, wanda a da ake lissafin ya riga shi da kusan ƙarni guda. Fasassun yumɓu ne da ba dillalin da zai saya, amma sun tilasta an sake buɗe muhawara a kan jerin sarakunan zamanin gaba ɗaya.

Buzuzun zuciya wani abu ne daban, domin na matattu ne kawai. Ana ɗora shi a ƙirjin gawa, an rubuta masa addu'ar da mamaci yake roƙon zuciyarsa kada ta tashi ta ba da shaida a kansa ranar da za a auna ta a ma'auni. Mafi tsufa da aka sani na sarki shi ne na Sobekemsaf na gidan sarauta na 17, koren dutse mai fuskar mutum da aka zaunar a kan zinariya, wanda gidan tarihin Biritaniya ya saya a 1835 daga tarin Henry Salt, wanda ya yi wakilcin Biritaniya a Masar. Wanda ya matsa kusa zai ga tsuntsayen da ke cikin rubutun ba su da ƙafafu, an yanke su da gangan don kada su rayu su cuci mamacin. Akwai takardar shari'a daga shekara ta 16 ta mulkin Ramsis na Tara wadda a ciki wani magini mai suna Amenfanefer ya amsa cewa shi da abokansa sun fasa kabarin wani sarki Sobekemsaf da matarsa, sun kwashe zinariya da layun da ke wuyansa, sun cinna wa akwatunan gawar wuta. Sarakuna biyu ne suka yi wannan suna, kuma da yake ba a rubuta inda aka samo buzuzun ba, masana sun kasu a kan ko na wanda aka yi wa satar ne ko na ɗayan.

Yadda layun suka taru a Turai da Amurka shi ya haifar da wannan giɓi. A ƙarni na 19 buzuzu shi ne tsarabar duk Baturen da ya je Masar, yana da araha, yana shiga aljihu, kuma masu tarawa sun fi son mai sunan sarki domin su jera sarakuna bi da bi kamar yadda ake jera tsofaffin kuɗi. Flinders Petrie, masanin tonon kayan tarihi ɗan Ingila, wanda tarinsa yake jami'ar Landan a yau, ya fitar da jerin irin waɗannan tun 1889, kuma ko shi da ya kafa tsarin tono na ƙa'ida, da yawa daga cikin nasa saye ya yi. Gidan tarihin Alƙahira kansa yana da ɗakin sayar da kayan da ake ganin akwai irinsu da yawa, har cikin shekarun 1970. Sai dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ce ta haramta cinikin kayan tarihi ta mai da su duka mallakar ƙasa.

Inda akwai mai saye, za a sami mai ƙerawa. Amelia Edwards, marubuciya 'yar Ingila wadda ta yi tafiya a kogin Nilu a 1873 zuwa 1874, ta ba da labarin masu yin jabu a Luksor da suke ɗura wa talotalo sabon buzuzu don ya fito da kamar tsufa. Mafi shahara shi ne abin da ya faru a 1908, lokacin da wasu manyan buzuzu biyu suka bayyana a Faris suna ba da labarin cewa sarki Neko na Biyu ya aika jirage sun kewaye nahiyar Afirka, labarin da a da ba a san shi ba sai daga bakin Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka. Manyan masana a Faris da Burasels suka karɓa da murna, gidan tarihin Burasels ya biya kuɗi mai yawa. Adolf Erman da Heinrich Schäfer a Barlin suka nuna cewa an tsinto jimlolin ne daga rubuce-rubucen da aka riga aka sani aka ɗinka su da kurakuran nahawu, kuma daga baya ta bayyana cewa ɗan wani masanin tarihin Masar da ya rasu ne ya tsara rubutun. Abin da ya sa jabun ya shiga shi ne ya faɗi abin da masana suke marmarin ji.

Bai kamata a haɗa wannan da kwaikwayon da mutanen dauri suka yi ba. A 1885 Petrie ya tono wata masana'anta a Naukiratis, garin 'yan kasuwar Girka a arewacin Masar, da ɗaruruwan ƙananan mazubai na yumɓu da ake zuba buzuzu a cikinsu a farkon ƙarni na 6 kafin miladiyya, ana kai su Rodos da Italiya da Kartaj. Haruffan wasu a karkace suke, alamar mai yin bai iya karanta su ba. Waɗannan tsofaffi ne na gaskiya, kuma shaida ce mai daraja a kan yadda sunan Fir'auna ya zama haja a tekun Bahar Rum, muddin takardar da ke gefensu ta faɗi haka, ba ta bar mai kallo yana zaton daga fada suka fito ba.

Muhawarar mayar da kayan tarihi gida ta fi karkata ga manyan abubuwa, irin su Dutsen Rashid da ke Landan, wanda rubutunsa ya buɗe hanyar karanta haruffan tsohuwar Masar, da gunkin kan Nefertiti da ke Barlin, kuma Masar tana da hujja mai ƙarfi a kansu. Amma a kan buzuzu ina ganin akwai haƙƙin da ya riga wannan gaggawa, wanda kuma ba ya jiran wata yarjejeniya. Gidan tarihin da yake riƙe da su ya ɗauki hoton kowanne ta ciki da baya da gefe, ya rubuta awonsa da lambarsa, ya koma tsofaffin littattafan tono da rasiɗan saye ya haɗa kowace laya da tarihinta, ya sa duka a intanet inda ɗalibi a Asyut ko Khartum ko Kano zai gani kyauta, ya kuma bambanta a fili tsakanin buzuzun da aka yi a zamanin sarki da wanda yake ɗauke da sunansa kawai. Kada kuma ya sake sayen wanda ba a san hanyar da ya bi ba, domin kowane irin wannan ciniki kuɗin aikin mai fasa kabari na gaba ne.

Dalilin gaggawar ya riga ya bayyana sau biyu. A watan Agusta na 2023 gidan tarihin Biritaniya ya sanar cewa kayayyaki kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace daga ɗakunan ajiyarsa, yawancinsu ƙananan duwatsun zobe da kayan zinariya na sashen Girka da Rum, wasu an sayar da su a eBay da ɗan kuɗi kaɗan, kuma abin da ya wahalar da nemo su shi ne da yawa ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ko hoto ba. A Khartum kuma, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai ga wawashe gidan tarihin ƙasar Sudan, inda kayan Karma da na sarakunan Kush suke, aka kwashe ƙananan abubuwa masu sauƙin ɗauka aka bar manyan gumakan dutse a tsaye. Buzuzun da ya fita daga irin wannan wuri yana iya ƙetare iyaka uku a cikin aljihun riga, kuma idan ya ɓulla a teburin dillali a wata ƙasa, tsakanin dubban masu kama da shi, hoton da aka ɗauka tun yana cikin akwatinsa da lambar da aka rubuta masa su ne kaɗai za su nuna daga inda aka ɗauko shi.